Tsuntsayen Baba

Daren Lahadi, watan Oktoba, 1868

Tun ranar da mai sayar da littattafai na titin Ladeira da Praça ya haɗo mini da littafin tsuntsaye cikin littattafan soyayyar da na saya, zuwa kurmi ya daina yi mini daɗi.

Yau ma mun je da Baba, mahaifin maigidana. Ƙananan tsuntsayen nan sun iso, kamar kowace shekara idan sanyi ya wuce. Ya tsaya gindin bishiya ya yi musu sallama, ya tambaye su mutanen Katsina. Tun da aka kawo shi nan ƙetaren teku yana bawa yake yin haka.

"'Yar nan, kin ga mai farar girar can? Irinsa ke sauka a gonarmu ta Katsina. Ya sha hanya."

Littafin ya ce daga arewacin wannan nahiya suke saukowa, ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba.

Muna dawowa ya ce, "Ke mai karatun Nasara, me suka rubuta a kansu?" Na ce ban kai wurin ba tukuna.

Ƙafafuna na ciwo. Gobe zan mayar da littafin. Ba zan faɗa wa Baba ba.