Bishiyar da Na Yi wa Jego

Zuwa ga mahaifiyata, Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin na 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan rahamar Ubangiji tana tare da ke a inda kike. Mu nan Guangzhou lafiya lau muke. Abban Ummi yana can yana fama da kwantenoninsa a tashar jiragen ruwa ta Nansha, takwararki kuma ta shiga shekara ta shida. Ta kwaso bakinki kaf, ko kaɗan ba ta rage wa sauran jikoki ba.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Sai dai tun ina ƙarama ban iya yanke shawara ba sai na zauna a gabanki na yi ta zuba, ke kina tsince shinkafa ko uffan ba ki ce ba, har in ji amsar ta fito daga bakina. Yau ma haka zan yi. Ranar Asabar mota za ta tsaya a ƙofar gidanmu, ana jira in ce a ɗauki bishiyata a tafi da ita arewacin ƙasar nan, ko in ce a bar mini abata. Ba ki san bishiyar ba, bayan rasuwarki na dasa ta. Amma saboda ke na dasa ta, don haka ki saurare ni.

Kin tuna zuwanki wankan jego? Kin sauka da jaka biyu, ɗaya kayan sawa, ɗaya gero da kanwa da daddawa. Watan Janairu ne, ɗan sanyin garin nan ya sauka, irin mai laima wanda yake shiga ƙashi. Kika leƙa banɗaki kika ga babu tukunya babu itace, kika riƙe haɓa kina salati. Haka kika dinga tafasa ruwa a butar lantarki, buta bayan buta, har bahon ya cika, kika yi mini wanka ina kuka kina cewa in yi shiru, wata rana zan gode.

Ke dai a duniya ba ki da abokin gaba kamar sanyi. Ciwon baya sanyi ne, tari sanyi ne, ko mutum ya tashi ransa a ɓace sai ki ce sanyi ne ya kwana a jikinsa. Kalmar da na fi ji a bakinki tun ina yarinya ita ce, “Rufe ƙirjinki, Auta.”

A nan kika samu 'yar'uwa. Tsohuwar nan maƙwabciyarmu, wadda muke kira Ayi kamar yadda ake kiran duk wata dattijuwa a nan, ke kuma kika ce ashe ma A'i ce, kika ci gaba da kiranta haka. Ba ki jin yarenta, ba ta jin naki, amma ranar da ta ga kin fizge kofin ruwan sanyi daga hannuna sai ta tafa hannu ta rungume ki. Ashe su ma maijego ba ta taɓa ruwan sanyi. Daga ranar kuka haɗe mini kai, ke da kunun kanwa, ita da romon kaza mai citta, ni kuwa ina tsakiya ina gumi.

Ita ce ta shigo mana da 'ya'yan itacen nan da ake kira ceri a ƙaramin kwando, kyautar sabuwar shekararsu. Kika ɗauki ɗaya kina juya ta a hasken taga, ja ce har ta yi duhu, da ɗan siririn kara. Kika sa a baki, kika rufe ido, kika daɗe ba ki buɗe ba. Da kika buɗe sai kika ce, “Wannan ai ɗinyar Sin ce, sai dai ta fi tamu ladabi.” Ban taɓa ganin kin ci abu kina ɓoye sauran a bayan filo ba sai ranar.

Kika wanke ƙwallaye bakwai kika ƙulle a bakin zani. Da safe na same ki tsugune a ɗan tsakar gidanmu, gefen da nake shuka yakuwa da kuɓewa, kina tona ƙasa da cokali. Kullum sai kin ba su ruwa kafin ki karya. Har kika gama kwanakinki a nan babu wanda ya tsiro. A filin jirgi, bayan duk nasihohi, abin da kika ƙara shi ne in dinga zuba musu ruwa, wataƙila nauyin barci ne da su.

Shekara ɗaya bayan nan aka kira ni daga Kano. Kafin in samu jirgi an riga an kai ki, ko sadakar uku ban riska ba. Na zauna sati uku a ɗakinki ina shaƙar turarenki a jikin labule, sannan na dawo garin da babu wanda ya san an yi rashi. Kasuwar Canaan tana nan cike, masu takalma a Zhanxi suna ta kiran ciniki, kowa yana sabgarsa. Wallahi Umma haushin kowa nake ji a lokacin. Yayyena suna da ɗakinki, suna da bishiyar lemon tsaminki, maza suna zuwa maƙabarta ranar Juma'a. Ni ba ni da komai sai wurin da kika tsuguna da cokali.

Shi ya sa na nemi dashen ceri a waya. Iri-iri ne, ban san na zaɓa ba, sai na ga wani an rubuta a ƙasansa da yarensu, wayar ta fassara mini: mai jure tsananin sanyi. Nan take na ce wannan ce. Na ce ga wadda abokin gabar Umma ba zai iya da ita ba.

Ta zo a dogon kwali, sanda ce kawai, ba ganye, saiwarta a naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Na dasa ta a rabin durom na ajiye daidai wurin ƙwallayenki. Da bazara ta fitar da ganye masu tsayi, gefensu kamar haƙoran zarto, ɓawonta yana sheƙi ja-ja. Nakan fito bayan la'asar in zauna kusa da ita da carbi. Wani lokacin har in ba ta labarin gida, wa ya haihu, wa ya yi aure, kamar dai yadda muke yi a waya.

To ga inda na yi aika-aikar. Da Disamba ta zo, iska ta juya, na ga ganyenta ya fara rawaya yana zuba. Hankalina ya tashi. Na ce jurewa daban, jin daɗi daban, don abu yana iya jurewa ai ba a bar shi ya wahala ba. Na sa Abban Ummi ya kama mini muka ja durom ɗin har falo. Na naɗe gindinta da tsohon bargonki mai ruwan ƙasa, wanda kika bari a nan. Na kunna mata hita. Kuma kada ki yi dariya, da ruwan ɗumi nake ba ta, sai na sa gwiwar hannu na gwada kamar wankan jariri.

Hunturu huɗu ina haka. Abban Ummi yana tsokanata, wai bai taɓa ganin maijegon da ta yi jego huɗu ba haihuwa ba. Ni kuwa in harare shi in ce ya bar mu, Umma ce ta koya mini. Kowace bazara in fito da ita in zuba ido, ko fure ɗaya babu. Ganyen ma yana zuwa a makare, nan ya fito can bai fito ba, ga wani ƙaro da yake tsatsowa a jikinta idan ruwan sama ya yi yawa. Sai in ƙara taki, in ƙara addu'a, in ce baɗi zan ƙara mata bargo.

Ayi ba ta taɓa gani ba, don tun bayan shekarar da kika zo, duk sanyi takan tafi wajen danginta. Bana ce ba ta tafi da wuri ba, tana haɗa kaya za ta koma garinsu can arewa gaba ɗaya. Sati biyu da suka wuce ta shigo kawo mini wasu tukwane, ta yi kiciɓis da bishiya a falo, lulluɓe da bargo, hita tana hura mata. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Raina ya ɓaci sosai, saura kaɗan in nuna mata ƙofa. Sai ta lura da bargon, ta shafa shi, ta gane na waye. Dariyar ta tsaya.

Ta zauna ta yi mini bayani, rabi da hannu rabi da waya. Ta ce a garinsu aka san bishiyar nan, a can ƙanƙara take rufe ƙasa wata da watanni. Ta ce ba jure sanyi kawai take yi ba, nemansa take. Sai ta zubar da ganye ta kwanta a cikinsa ta yi barci mai nisa, a cikin barcin nan ne furen yake haɗuwa. Wadda ba ta yi barci ba ba ta fure. Ta nuna hitar, ta nuna bishiyar, ta faɗi kalmar nan da kike kwaikwayo idan kin dawo daga shago ba a samu abu ba: meyo, babu. Ta ce ko ƙwallayen da kika shuka, da sun kwana a sanyi da wataƙila sun farka.

Umma, shekara huɗu ina hana baiwar Allah barci, ina cewa ƙauna ce. Ni da na tashi ina ganin gawo a gonar Kaka yana kaɗe ganyensa tsakiyar damina, ba wanda ya taɓa cewa ciwo yake yi.

Na ce to shi ke nan, zan bar ta a waje. Ayi ta girgiza kai. Ta ce sanyin Guangzhou ɗan leƙe ne, sati biyu ya wuce, ba zai ishe ta ba. A nan za ta yi ta ramewa ne har wata damina ta ƙarasa ta. Amma ƙaninta yana da lambu a bayan gida da irinta guda uku, kuma ita bishiyar nan ta fi yin 'ya'ya idan da 'yan'uwanta a kusa. Motar da za ta kwashi kayanta tana da wuri, yanzu ne kuma lokacin da ake tayar da dashe. Ta ce in yi tunani.

Tunanin nake ta yi. Wani lokaci in ce ba inda za ta, ko sanda ta koma tawa ce, ni ban dasa ta don in ci ba. Idan ta tafi ina zan zauna bayan la'asar? Wa zan ba labarin gida?

Amma tun ranar nakan lumshe ido in gan ta a can. Ban taɓa ganin ƙanƙara tana sauka ba sai a hoto, duk da haka ina ganin lambun sarai. Ƙasa fari fat, shiru ko'ina, ita tana tsaye tsirara tsakanin 'yan'uwanta, ba bargo, tana barcin da ta yi shekara huɗu tana nema. Sai rana ta fara ɗumi, ruwa yana ɗiga daga rassa. Sai wata safiya furen ya buɗe tun kafin ganye, fari kamar an shanya auduga a kanta. A ƙarƙashi kuma ina ganin wata mata da mayafi mai ruwan toka ta ɗaga kai tana kallo, hannunta ɗaya a bakin zani. Ba ta juyo ba, amma na san tsayuwar.

Kin ga, na zuba har amsar ta fito. Za ta tafi.

Shekaranjiya na kashe hitar, muka fitar da ita tsakar gida. Da hannuna na kwance bargon, na wanke na ninke, shi kam ba zan ba kowa ba. Jiya da safe na fita na taɓa jikinta, sanyi ƙalau. Na tsaya hannuna yana ƙaiƙayin in rufe ta, ban rufe ba. Wannan ne karo na farko da na saɓa miki da gangan, na bar abin da nake so a cikin sanyi ba mayafi. Ki yafe mini.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Tun rasuwarki, duk wanda ya yi mini gaisuwa ya ce Allah ya sanyaya makwancinki, amin ɗin a leɓe take tsaya mini. Sai in ce a raina ba su san Umma ba ne. Ni kaina ban taɓa roƙa miki ita ba, nakan tsallake ta in wuce zuwa ta gaba.

Yau zan roƙa. Allah ya jiƙanki, Umma, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki ya yalwata shi. Ya saka miki da alheri a kan kowace buta ta ruwan zafi da kika ɗauka domina. Allah ya sanyaya makwancinki, ya ba ki barci mai daɗi, ya tashe ki cikin lambunan Aljanna. Amin, har cikin zuciyata.

Taki har kullum,
Autarki