Fuskar Sajan da Wasiƙar da Na Tura wa Maƙwabcina

Malama, ki taimake ni da shawara. Yau Laraba, gwiwar ta ɗan sake ni, amma tarin yana nan, hannun ma rawa yake, ki yi haƙuri da rubutun. Shekarata saba'in da takwas, tsohon ma'aikacin gidan waya ne ni. Mai ɗakina ta rasu shekara shida ke nan, 'ya'ya suna nesa. Daga ni sai karena, Sajan. Ina ce wa mutane na gadi ne, alhali haƙoransa sun kusa ƙarewa kamar nawa. Shi nake karanta wa jarida.

Ranar Asabar da hantsi ya shigo daga bayan gida fuska a kumbure, leɓe suntum, ido ɗaya a rufe, goshi da hanci duk sun yi ruɗu-ruɗu. Na rikice. Na shafa masa man zafin gwiwata, kukansa ya ƙaru.

Sai zuciya ta kai ni kan maƙwabcina, kafinta. Shekara huɗu bawan Allahn nan yana zuwa duk Laraba bayan la'asar, ya yi mini aski, ya gyara abin da ya karye, mu sha shayi. Amma ya taɓa ƙorafin Sajan ya kori kajin matarsa, kuma a makon na gan shi yana zuba maganin ɓera a shagonsa. Tsakaninmu taku ashirin ne, amma ban je na tambaye shi ba. Na zauna na rubuta masa wasiƙa irin ta ofis, da kwanan wata da kan magana, har na ajiye kwafi. Na ce shi ya ba karena guba. Na tura ta ƙarƙashin ƙofarsa. Na manta idonsa ba ya ganin ƙaramin rubutu. 'Yarsa ce ta karanta masa, a gaban surukinsa. Matarsa ta gaya mini haka ta kan katanga, ko gaisuwa babu.

Ranar Litinin kumburin ya fara sauka. Na shiga ɗakin tarkace neman guga, sai ga gidan rina a ƙarƙashin tsohon tebur, gefensa a fashe, ga sawun Sajan a ƙasa. Malama, kafintan nan da bakinsa ya gaya mini zancen rinar tun watan jiya. Ya ce zai cire, na ce ya bari sai wani zuwan.

Sau uku ina rubuta wasiƙar ban haƙuri ina yagewa. Ko shara ba na iya fita zubarwa don kada mu haɗu. Yau dai na ɗora ruwan shayi, na fito da kofi biyu da tawul. Ga magariba ta yi, bai zo ba.

Naki,
Tsohon Gidan Waya

Baba, sannu da jiki.

Mu fara da Sajan. Alamun sun yi kama da harbin rina, amma a kai shi wurin likitan dabbobi ya tabbatar. Kada ka ƙara shafa masa man zafi ko ka ba shi maganinka, wasu magungunan mutane suna kashe kare. In fuskar ta sake kumbura, ko numfashinsa ya yi wuya, a tafi nan take. Ɗakin tarkacen kuma a rufe shi, kada ka taɓa gidan rinar da kanka.

Na fahimci tsoronka. Wanda abokin hirarsa ɗaya ya shigo da fuska haka, dole hankalinsa ya tashi. Amma shi ma kafinta ka duba nasa ciwon. Shekara huɗu yana riƙe da aska a wuyanka ka amince masa, sai ga takarda ta kira shi mai ba da guba, kuma da muryar 'yarsa ya ji. Rashin zuwansa ba lallai gaba ba ce. Wataƙila bai san ko ana maraba da shi ba.

Saboda haka ajiye alƙalamin, Baba. Gobe da safe ɗauki sandarka ka taka takun nan ashirin. Ka nemi matarsa da 'yarsa su tsaya, tunda su ma sun ji abin da ka rubuta. Ka faɗi abin da ka gani a ƙarƙashin tebur, ka ce ka zalunce shi, ka yage kwafin a gabansa. Kada ka sa zancen kaji a ciki. In bai sauko ranar ba, ba shi lokaci, haƙƙinsa ne.

In ya sauko, roƙe shi ya zo ya cire rinar, kamar yadda ya yi niyya tun farko. Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba Sajan sauƙi, ya sa Laraba mai zuwa a sha da kofi biyun.