Kada a Sare Gawon Gonar Baba

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna? Ya yara? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya, shi ma bai hana ni aiki ba.

Saƙonka ya iso, wai mai tarakta ya ce sai an sare gawon gonar Baba kafin ya shiga. Ashe ka san inda nake! Kai ke shan rana a gonar, ba zan raina wahalarka ba. Amma ban yarda ba.

Aikina a nan dasa itatuwa ne a gonar wani da kakansa ya sare nasu. Ƙasar ta yi fari fat, ko ruwa ba ta sha. Wuni nake a sunkuye ina zuba mata ruɓaɓɓen ganye, abin da gawonmu ke yi mana kyauta.

Ka tona gindinsa, za ka ga baƙar ƙasa mai laushi har da tana. Tarakta ta kewaye. In ta ƙi, ka bar min wannan gefen, zan dawo in nome shi da hannuna.

Ka ce Inna ta sa ni a addu'a. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Yayanka.