'Yata Ta Tsaya a Kan Suna da Aikatau

Zuwa ga Shugaban Hukumar Gudanarwa ta makarantar da 'yata take karatu a Gwagwalada.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyalinka, ina neman izini in yi maka magana a bainar jama'a. Ba zan ambaci sunanka ko na makarantar ba, domin ba tozarci na zo yi ba. Na yi ta zuwa ofishinka, kullum sai a ce kana cikin gari wajen sabon reshen makarantar. Hedimasta kuma ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Na rubuta da Hausa ne saboda Turancina bai kai ya ɗauki abin da ke raina ba.

Sunana Iliyasu. Ina aiki a wata masana'antar roba a Idu, a kan injin da ke fitar da bokitai. 'Yata Rukayya kurma ce. Sanƙarau ya kama ta tun kafin ta fara magana. Ta tashi, amma jin ya tafi. Da 'yan alamun da ni da mahaifiyarta muka ƙirƙira muka rene ta: ci, sha, zo, bari. Ba mu da abin da ya wuce haka har ta kai shekara bakwai.

Na farko, ina so ka san abin da ka rufe.

A makarantarka akwai aji ɗaya na yara kurame, a ɗakin ƙarshe kusa da tankin ruwa. Malama Rifkatu, 'yar Filato, ita ke riƙe da shi. Ranar da na kai Rukayya, malamar ta gaya mini cewa yaron da bai taɓa jin harshen gidansu ba, harshen da ya fara karantawa shi zai zama nasa, kuma a makaranta Turanci ne. Ta ce idan muna so mu yi hira da 'yarmu wata rana, dole mu ma mu koya. Saboda haka ta buɗe wa iyaye darasi ran Asabar, ba tare da kowa ya sa ta ba.

Kowace kalma sai ta nuna mana abin da take nufi, da yadda ake yin ta da hannu, da yadda ake rubuta ta, sannan ta faɗa mana danginta. Sunayen abubuwa a farin kati suke, aikatau a jan kati. Takan ce tara sunaye kaɗai ba magana ba ne, sai an sa musu aikatau suke motsi. Ni da na bar karatu tun firamare, sai ga ni ina haddar kalmomi a motar ma'aikata, abokan aiki suna yi mini dariya. Wata rana na dawo daga aiki, Rukayya ta tare ni a ƙofa da kati biyu, fari da ja. Ɗaya an rubuta "Baba", ɗayan "come". Maganar farko ke nan da 'yata ta taɓa yi mini. Mahaifiyarta shiga ɗaki ta yi, ta daɗe ba ta fito ba.

Malama ta ce zangon da ke tafe za su shiga sifa, wato kalmomin da ke faɗin yadda abu yake, da kalmomin lokaci irin su jiya da gobe, da kalmomin tambaya. Ba a kai wannan zangon ba.

Na biyu, yadda aka rufe shi. Bayan hutu muka dawo muka tarar an yi wa ɗakin fenti, an sa na'urar sanyaya ɗaki, an jera kwamfutoci. An ce sababbin gidajen da ake ginawa a unguwar sun kawo iyaye masu son 'ya'yansu su koyi kwamfuta. Malama Rifkatu kuma an mayar da ita sabon reshenku na cikin gari ta koyar da Turanci, wai saboda ta fi kowa iya shi. Ba a kira mu ba, ba a aiko mana da ko saƙon baki ba. Ban ƙi kwamfuta ba, ranka ya daɗe. Na ga yadda garin nan yake bunƙasa tun da aka koma mulkin farar hula, ko'ina gini, ko'ina sabuwar mota. Abin da ban gane ba shi ne yadda makarantar da ta iya buɗe reshe ta rasa ɗaki ɗaya ga yaran da ba su da wani wuri.

Na uku, halin da Rukayya take ciki yanzu. An rarraba yaran cikin azuzuwan masu ji. Malamin ajin su Rukayya mutumin kirki ne, amma bai iya maganar hannu ba, kuma bai ɓoye mini ba. Idan lokacin kalmomi da ma'anarsu ya yi, karantawa yake yi da baki, yara su maimaita. Ita kuwa bakinsa take kallo. Tana kwafe duk abin da ke kan allo da rubutu mai kyau, shafi bayan shafi, ba ta san ko ɗaya ba. Ran da aka yi shifta sai ta miƙa farar takarda, aka ja mata sifiri da jan biro.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da haƙuri ya faru a damina. Ta dawo daga makaranta tana riƙe da ciki, ta rubuta mana "stomach pain". Muka kai ta asibiti. Likita ya tambaye ni ko zafi yake yi mata ko suka, ko yana zuwa yana tafiya, tun yaushe ya fara, ta wane gefe ya soma. Na juya na dube ta, ita ma ta dube ni. Duk kalmomin da za su amsa wannan suna cikin zangon da ba a yi ba. Aka ba mu maganin tsutsar ciki muka koma gida. Sai da ta kasa miƙewa aka gane afendis ne, aka shiga da ita tiyata a guje. Allah ya tashi kafaɗunta. Ban ga laifin likitan ba. Da abin da muka iya gaya masa ya yi aiki.

Za ka iya cewa in cire ta in kai ta wani wuri. Na nema. Makarantar kurame da aka kwatanta mini ta kwana ce, tana can nesa da mu, kuma an ce babu gurbi. Komawa cikin gari kusa da reshenku ya fi ƙarfin albashina, kuma an gaya mini ko a can babu ajin kurame. Idan na mayar da iyalina garinmu, na rasa aikin, can ɗin ma babu mai koya mata. Idan na ajiye ta a gida, ta rasa ko ganin yara. Na gwada koya mata da kaina, amma kati nawa ne a hannuna? Na sayi ƙamus, na nemo kalmar da ke nufin gobe, na rubuta mata. Ta dube ta, ta nemi in nuna mata abin. Kofi ana nuna shi, gudu ana yin sa a tsakar gida. Gobe kuwa ban san yadda zan nuna ta ba. Kullum da safe ina raka ta wurin da na san ba ta ƙaruwa, saboda ba ni da inda ya fi shi.

Ga abin da nake roƙo. A maido da ajin, ko da a ƙarƙashin rumfa ne. Mu iyaye za mu kawo benci. A maido da Malama Rifkatu, idan kuma reshen ba zai iya sakinta gaba ɗaya ba, a bar ta ta riƙa zuwa wasu ranakun mako, a kuma nemo wanda za ta horar. A bar mana darasin Asabar. Sannan ka zo da kanka ka zauna a bayan ajin su Rukayya lokacin darasin Turanci, ka dubi fuskarta kawai.

Idan hukuma ta riga ta yanke cewa ba za a maido da komai ba, to a gaya mana a fili. Tun da aka sallamo ta daga asibiti, duk ranar makaranta sai ta rubuta "Teacher come" ta miƙo mini biro. Ba ni da kalmar da ke nufin tukuna, ba ni da wadda ke nufin wataƙila. "Yes" da "no" kaɗai muka koya, ni da ita. Har yanzu ban rubuta mata ko ɗaya ba, ina jiran in ji daga gare ka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci zuriyarka da ji da gani, ya sa ka gama da amanar da ke hannunka lafiya.

Wassalam.

Iliyasu, mahaifin Rukayya,
Gwagwalada.