Gidan Mama a Alfama

Toronto, watan Afrilu

Zuwa ga Yaya Graciete,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da Mama. Lurdes na gaishe ku.

Zan zo Lisbon a Yuni, lokacin bikin Santo António. Kin ce tun da mai gidan haya ya tashi Mama daga gidan, ya mayar da ɗakunan masaukin baƙi, kullum sai ta ce a kai ta gida. To, na ga gidan a intanet, benen nan namu na unguwar Alfama, na kama shi na 'yan kwanaki. Mu kai ta ta kwana a ɗakinta, ko hankalinta ya kwanta. Na daɗe rabona da garin, ki faɗa mini abin da zan kiyaye.

Ƙaninki,
Anselmo

Barreiro, watan Mayu

Anselmo,

Ina gaishe ka, mutumin Kanada. Muna nan lafiya, Mama dai sai a hankali.

Wato za ka biya kuɗi ka kwana a ɗakin da aka yanke maka cibiya. Na yi dariya, daga baya na shiga kicin na yi kuka.

Tunda shawara kake nema kamar baƙo, ga ta. Kada ka zo da takalmin gayu, duwatsun titi sun ƙara sulɓi, kai kuma ka ƙara tumbi. Taragon lantarkin nan na kan titi mai ruwan ɗorawa da muke rataya a bayansa muna yara, manta da shi. Layinsa ya fi na asibiti, ciki kuma 'yan sane ne ke jiran irinka. Ka taka da ƙafa. Burodi da zaitun da za a dire maka a gidan abinci ba kyauta ba ne, in ba ka so ka ce a ɗauke. In ka shiga shan kofi, yi maza ka yi magana da harshenmu kafin su yi maka Turanci, don ranka zai ɓaci.

Kada ka tsaya ƙwanƙwasa ƙofar gidan, ba mai buɗewa. Makulli na cikin wani ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi a jikin bango. Dona Odete ta gidan da ke kallon namu ta koma wajen 'yarta, mai gasa kifin kusurwa ya rasu. Da safe ba abin da za ka ji sai ƙarar tayoyin akwatunan baƙi.

Jiya ma Mama ta ɗaura ɗankwali, ta rungumi jakarta, ta zauna a bakin ƙofa. Ta ce, "Graciete, kin yi mini karamci, amma dare zai yi, kai ni gida." Na ce gobe. Goben nan ita ke riƙe da ita, Anselmo, shi ya sa nake jin tsoron shirinka. Amma uwarka ce kamar yadda take uwata. Ka zo, za mu haye kogi da ita.

Yayarka,
Graciete

Lisbon, watan Yuni

Lurdes, matata,

Ina gaishe ki da yaran. Na iso lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Mun kai Mama. A jirgin fito sai murna take, tana nuna wa mutane tudun unguwarmu. Ni na goya ta a matakala, ba ta da nauyi ko kaɗan. Lungun duk an yi masa ado da takardu masu launi, hayaƙin gasasshen kifi ya cika ko'ina, har na ce a raina na yi dabara.

An shafe ɗakin da farin fenti. Inda murhunta yake an sa doguwar kujera. Ta zauna a gefen kujerar, jaka a kan cinya, ta ƙi cire mayafi.

Na ce, "Mama, ga ki a gida."

Ta ce, "Gidan wa? Masu tsabta ne, Allah ya yi musu albarka. Kada mu daɗe, kar mu takura musu."

Graciete ta harare ni, ta ce, "Ka ji ko, sarkin dabara?"

Can sai Mama ta miƙe da kanta ta nufi taga. Ba ta ko duba ba, ta zura hannu waje ta hagu, daidai inda igiyar shanyarta take a da. Hannun ya yi ta lalube a iska. Ta leƙa ta ƙwala kira, "Odete! Ke Odete!" Wata yarinya baƙuwa ta leƙo daga tagar can, ta ɗaga mata hannu tana murmushi, ta ɗauke ta hoto.

Mama ta daɗe a tsaye. Da ta juyo sai ta kira sunana, karo na farko tun zuwana. Ta ce, "Anselmo, saukar da ni ƙasa."

Ba mu kwana ba. Na mayar da makullin cikin akwatinsa. Ki yi mana addu'a.

Mijinki,
Anselmo

Barreiro, watan Yuli

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan ka sauka lafiya. Kada ka zargi kanka, da hannuna na sa mata takalmi ranar.

Ka tambayi Mama. Tana cin abinci kaɗan, tana barci da yawa. Na ajiye mata jakar a bakin ƙofa ko za ta ɗauka. Tun da muka dawo ba ta sake cewa a kai ta gida ba.

In za ka sake zuwa, kada ka jira biki.

Yayarka,
Graciete