Allurar Litinin da Alhamis

Litinin, 3 ga Maris
Kilo ɗari da tamanin na ɗaga, sau biyu. A na uku idona ya yi duhu, na saki ƙarfen. Koci, mai horar da ni, ya ce rashin barci ne. Saura mako shida gasar ɗaga ƙarfe. Shekarata talatin da takwas, wannan ce ta ƙarshe, kuma sai na ci ta.

Alhamis, 6 ga Maris
Na yi allurar gina tsoka kamar kullum. Shekara tara ke nan, Litinin da Alhamis, ban taɓa fashi ba. Maman yara ta tarar da ni dafe da bango ina haki, matakala goma sha biyu kacal na hau. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa takalminta ta tsaya a ƙofa har sai da na bi ta asibiti.

Talata, 11 ga Maris
Sakamako ya fito. Likita ta juyo mini da hoton zuciyata. Wai ita ma tsoka ce, allurar ba ta bar ta ba: bangonta ya yi kauri, ba ta buga jini yadda ya kamata. Jinin ya hau, ya kuma yi kauri, yana iya daskarewa ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Na tambaye ta ko zan iya ƙarasa wata guda. Ta ajiye biro. "Malam, ƙarfen zai jira ka. Zuciyar ce ban yi maka alkawari ba."
Ban gaya wa Koci ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Na yi allurar. Kar a tambaye ni.

Asabar, 15 ga Maris
Na je duba Katako, abokin atisayena na da. Tun bara nake kauce wa gidan. Mutumin da ya koya mini riƙe sirinji, yanzu matarsa ke ɗaga masa kofi. Ɓarin dama ya shanye. Ya daɗe yana kallon damtsena, bakinsa a karkace, da ƙyar na gane abin da ya ce: "Har yanzu?"
Da na dawo na kwashe kwalaben allurata na ba Maman yara ta kai wa likita. Ban yarda da hannuna ba.

Litinin, 17 ga Maris
Na janye sunana. Koci ya ce tsoro ne. Na ce e, tsoro ne.

Talata, 1 ga Afrilu
Kasala kamar an zare mini laka. Haushin kowa nake ji. Likita ta ce haka ake yi in an daina allurar, zai wuce a hankali. Zuciyar kuma wataƙila ta ɗan farfaɗo, wataƙila a'a. Ƙwaya biyu da safe, tafiyar minti talatin. Ni da nake ɗaga nauyin mutum biyu! Amma ban tsallake ko rana ɗaya ba.

Asabar, 12 ga Afrilu
Yau aka yi gasar. Ban je ba. Na yi tafiyar minti arba'in.

Litinin, 5 ga Mayu
Jinin ya sauka kaɗan. Riguna sun fara yi mini yawa, na kai huɗu wurin tela ya rage kafaɗa. Ya tambaya ko ya naɗe yadin daga ciki, ko da jikin zai dawo. Na ce ya yanke kawai.
Don dai naɗin yana cin fata ne.