Sarkin Oga Obum Ya Ƙi Motsi

Tina Junction, Jos.

Zuwa ga uwargidana Balaraba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya Ummusalma da jaririnta, yaya ruwan zafi? Ki gaida surukinmu Abdulfatah da mutanen Kano. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da bai san gajiya ba. Na rubuto ne don a waya da na fara magana sai ki ce jariri na kuka, ga shi bakina cike da zance.

Maganar Oga Obum ce, maƙwabcin shagona, wanda kike cewa ya raba ni da keken ɗinki ya haɗa ni da wasan ces, darar nan mai sarki da doki. Idonsa ya ƙara lalacewa, har sai ya shafa doki kafin ya gane doki ne. 'Yarsa Nwamaka ta zo daga Enugu za ta tafi da shi a yi masa aiki, ya zauna wurinta ke nan. Ya yarda, amma ya ce sai mun gama wasan da ke kan allo.

Wasan kuwa ya zo ƙarshe. Ni ina da sarki da soja ɗaya, shi sarkinsa kaɗai ya rage. Sarakunan suna kallon juna, gida ɗaya tsakaninsu, sojana yana bayan sarkina. Shi da kansa ya koya mini cewa a wannan tsayuwa, wanda motsi ya faɗo kansa shi ne a wahala. Da ni ne, da canjaras za mu yi. To shi ne, kuma duk inda ya kauce sarkina zai wuce ya buɗe wa soja hanya. A ces kuwa ba a cewa na yafe wannan zagayen.

Saboda haka ya ƙi motsawa. Kullum bayan la'asar zai zauna, ya ɗora haɓa a hannu, ya ce yana tunani, sai ya ɓige da tarihi: yadda wasan ya taso daga Indiya, ya bi ta Farisa, Larabawa suka yaɗa shi. Kin dai san Hausarsa, kowa namiji ne. Sarauniya ya ci doki, matata ya dafa shinkafa. Na yi gyara har na gaji. Jiya ya ce shi ne da gaskiya, wai a zamanin da babu sarauniya a allon, waziri ne a gurbinta, mai tafiyar gida ɗaya kamar mai ciwon ƙafa. Na yi dariya har da hawaye.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma ba na son ya motsa.

Ki shafa mini kan jariri.

Naki,
Labaran

Tina Junction, Jos.

Zuwa ga Balaraba,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan mai jego tana samun ƙarfi. Saƙon yajinki ya iso, na gode.

Nwamaka ta same ni a shago, ta durƙusa, ta ce mini Baba, likita ya ce in aka ƙara jinkiri idon zai tafi gaba ɗaya. Ta roƙe ni in kawo ƙarshen wasan nan. Hanya kuwa ina da ita, don shi ya taɓa gaya mini cewa a tsohuwar dokar Larabawa, wanda aka bar wa sarki shi kaɗai an riga an cinye shi. Na je da niyyar in tuna masa, da na ga yana laluben kujera sai na fasa, na jawo masa ita.

Ranar Lahadi ya ce in raka shi wani wuri, tunda ba ya ganin hanya. Muka hau keke mai ƙafa uku, sai ga mu a maƙabartarsu. Kin tuna yadda matarsa, marigayiya Josephine, ta dage a binne ta a Jos inda aka haife ta, danginsa suka yi ta faɗa? Ashe tun rasuwarta duk Lahadi yana can. Bana ido ya hana shi gyara wurin, damina ta sa ciyawa ta rufe har sunan. Ya tsaya yana shafa dutsen. Ni dai na naɗe hannun riga na shiga cire ciyawar har na ga ƙasa. A nan na gane abin da ya riƙe sarkinsa.

Washegari ya zauna, bai ba da tarihin kowa ba, ya matsar da sarkinsa gefe. Nawa ya wuce. Na yi ta tura soja, ban taɓa cin wasa da baƙin ciki haka ba. Da sojan ya kai gidan ƙarshe, inda yake zama sarauniya, shi ya lalubo ta a cikin gwangwani. Bai ɗora ta a allo ba, sai ya sa mini ita a tafin hannu ya rufe da nasa, ya ce in riƙa duba masa ita, ta saba ganin mutum ranar Lahadi.

Balaraba, mutumin da kowa namiji ne a bakinsa, "ita" ya ce, kuma "ta" ya ce. Na ɗaga baki zan tsokane shi cewa yau Hausa ta zauna, na kasa.

Na raka su tasha da safe. Ki taya shi addu'a Allah Ya sa a yi aikin a sa'a. In za ki dawo, ki sayo mini 'yar ƙaramar fartanya a Kano, ciyawar kabarin Josephine tana yanka hannu.

Mijinki mai kewarki,
Labaran